Damin daloli da dawowar ɗan wasa: abubuwa biyu da masu kallon ƙwallon gora ta ƙanƙara ke rikitawa

Shin laifi ne ɗan wasa ya tashi daga Amurka ya shiga Kanada da damin daloli a jakarsa? Idan kuma ɗan wasa ya warke daga rauni yana son komawa fili, wa ke da ta cewa: likita, koci, ko akantan ƙungiya? Tambayoyin nan biyu kan taso tsakanin masu kallon ƙwallon gora ta ƙanƙara a nahiyar Amurka ta Arewa, wani lokacin ma a kan mutum ɗaya, kuma amsar da aka fi ji a bakin mutane ga kowaccensu ba daidai take ba. Za ka ji ana cewa doka ta hana ƙetare iyaka da fiye da dala 10,000. Ba ta hana ba. Za ka ji ana cewa da zarar ɗan wasa ya miƙe, sai ya ɗaura takalminsa ya shiga fili. Nan ma akwai sauran magana. A duka biyun, abin da ke yanke hukunci shi ne abin da aka rubuta a takarda, da kuma lokacin da aka rubuta shi.

Gasa ɗaya, ƙasa biyu

Wasan da ake magana a kansa a kan daskararriyar ƙanƙara ake yinsa, mutum shida kowane ɓangare har da mai tsaron raga, da takalma masu ƙarfe a ƙasa da sanduna masu lanƙwasa, ana bin wani ɗan faifan roba mai tauri. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917. Yanzu tana da ƙungiyoyi 32: guda 25 a Amurka, bakwai a Kanada, wato Montreal da Toronto da Ottawa da Winnipeg da Calgary da Edmonton da Vancouver.

Ke nan ƙetare iyaka wani ɓangare ne na aikin. Ƙungiya za ta yi wasa a Calgary yau, jibi tana Denver. Masu kallo ma haka suke: mutanen Windsor ta Kanada kan bi ta ramin da ke ƙarƙashin kogi su shiga Detroit ta Amurka kallon wasa su koma gida a daren, 'yan kudancin Ontario kan gangara Buffalo saboda tikiti ya fi sauƙi a can fiye da Toronto, Winnipeg kuwa tafiyar kilomita 110 ce kacal zuwa bakin iyaka. Albashin kowane ɗan wasa da dalar Amurka ake biyansa ko da a Kanada yake wasa, kuma ta banki yake shiga. Babu wanda ake ƙirga wa albashi a hannu.

Hoton da ya tayar da ƙura

A watan Disamban 2012 gasar a rufe take. Masu ƙungiyoyi sun kulle ƙofa tun watan Satumba saboda rikicin rabon kuɗin shiga tsakaninsu da 'yan wasa. Ana cikin haka Evander Kane, matashin ɗan wasan Winnipeg Jets wanda bai daɗe da sa hannu kan kwantiragin shekara shida na dala miliyan 31.5 ba, ya wallafa hotonsa a Twitter daga Las Vegas, ya kara damin takardun kuɗi a kunne kamar yana waya da ɗan damben nan Floyd Mayweather.

Magoya baya suka rabu. Wasu suka ce rashin tausayi ne, domin masu sayar da abinci da masu karɓar tikiti a filin wasa suna zaune babu aiki. Wasu suka ce kuɗinsa ne, guminsa ne, kuma yaro ɗan shekara 21 ba shi ne ya rufe gasar ba. Shi kansa daga baya ya ce launin fatarsa na cikin dalilan da suka sa ake yawan sukarsa, kasancewarsa baƙar fata a wasan da fararen fata suka mamaye. Gasar ta dawo a watan Janairun 2013, shi ma ya koma Winnipeg, amma zaman bai yi daɗi ba har aka sayar da shi ga Buffalo a Fabrairun 2015.

Irin wannan hoto kan haifar da tambayar kwastan nan take: to idan zai koma gida da kuɗin fa? Riƙe tsabar kuɗi a ɗakin otal bai saɓa wa kowace doka ba, kuma hoto ba shaida ba ce ta cewa kuɗin sun bar garin. Gidajen cacan Amurka ma dole ne su kai wa hukuma rahoton duk wata mu'amalar tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 a rana guda, saboda haka irin waɗannan kuɗi sukan bar sawu tun daga inda suka fito. Maganar kwastan ba ta tasowa sai an zo bakin iyaka.

Abin da dokar dala 10,000 ta ce

Babu iyaka ga yawan kuɗin da mutum zai iya shiga ko fita da su, a Amurka ko a Kanada. Miliyan ɗaya ma ya halatta. Abin da doka ta wajabta shi ne ka bayyana su idan sun kai wani mizani, kuma bayyanawar kyauta ce, ba a cire haraji ko kwabo a kai.

A Amurka mizanin shi ne abin da ya haura dalar Amurka 10,000, kuma fom ɗin da ake cikewa sunansa FinCEN 105. Tushensa dokar sirrin banki ce ta 1970. Da farko dala 5,000 ce, aka ɗaga ta zuwa 10,000 a 1984, tun daga nan ba ta motsa ba duk da yadda darajar dala ta zaizaye. A Kanada mizanin shi ne dalar Kanada 10,000 ko fiye, fom ɗin mai ɗauke da kuɗin kansa shi ne E677, kuma tsarin ya fara aiki a Janairun 2003 a ƙarƙashin dokar yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. Jami'an iyaka ke karɓar fom ɗin su tura wa hukumar FINTRAC mai bin diddigin hada-hadar kuɗi.

A lura da ɗan bambancin da ke tsakanin «ya haura» da «ko fiye». Mai ɗauke da 10,000 cif bai shiga dokar Amurka ba, amma a Kanada ya shiga. Wanda ya fi wannan kama mutane shi ne canji. A ƙarshen 2012, lokacin hoton Kane, dalolin ƙasashen biyu kusan kunnen doki suke. A 'yan shekarun nan dalar Kanada ta faɗi zuwa wajen kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na ta Amurka. Don haka mai ɗauke da dalar Amurka 8,000 zai fita Amurka ba tare da ya cike komai ba, ya iso ɓangaren Kanada yana ganin bai kai mizani ba, alhali idan aka canza kuɗin sun wuce dalar Kanada 10,000. Jami'i ba ya lissafi da abin da matafiyi ya zata.

Sannan doka ta shafi shiga da fita duka. Wanda ya taso daga Las Vegas zuwa Winnipeg da dala 30,000 bayyanawa biyu ke kansa, ɗaya ga Amurka don yana fita, ɗaya ga Kanada don yana shiga. Ta fitar ita aka fi mantawa, domin sau da yawa babu wanda zai tsayar da kai ya tambaya. Kai ne za ka nemi ofishin kwastan da ƙafarka kafin ka hau jirgi, ko ka cike fom ɗin Amurka ta intanet.

Ba takardun kuɗi kaɗai ake ƙirgawa ba. Cakin matafiya, takardar odar kuɗi, da duk cakin da wanda ya riƙe shi shi ne mai shi, duka ana tara su wuri guda da tsabar kuɗin kowace ƙasa. Kuɗin da ke cikin asusun banki ko wanda aka tura ta waya ba su cikin wannan lissafi, saboda bankuna na da nasu rahoton da suke kaiwa. A Amurka kuma, iyalin da ke gida ɗaya idan suka cike takardar kwastan tare, jimillar abin da ke hannunsu ake dubawa. Raba kuɗi a aljihun mata da yara da nufin kauce wa fom laifi ne mai zaman kansa.

Idan mutum ya yi shiru

A nan ne kuɗin halal ke komawa abin tuhuma. A Kanada jami'i na da ikon ƙwace dukkan kuɗin da ba a bayyana ba. Idan babu alamar cewa na haram ne, a biya tara a karɓi sauran. A da, tsawon shekaru da dama, tarar tana tsakanin dala 250 da 5,000, gwargwadon ko an ɓoye kuɗin ko an yi ƙarya. Idan kuwa jami'in na da dalilin zargin cewa ribar laifi ce, ba za a sake su ba, sai mai su ya ɗaukaka ƙara cikin kwana 90 ya nuna inda suka fito.

Amurka ta fi tsanani, kuma akwai shari'ar da ta nuna yadda abin ke tafiya. A watan Yunin 1994 wani mutum mai suna Hosep Bajakajian yana shirin tashi daga filin jirgin Los Angeles da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, za su Cyprus ta Italiya. Karnukan kwastan suka shinshino kuɗi a kayansu. Da aka tambaye shi ya ce dala 8,000 ke hannunsa, matarsa na da 7,000. Da aka bincika sai aka samu dala 357,144. Kotu ta gano kuɗin ba su da alaƙa da wani laifi, bashi zai je biya da su. Duk da haka gwamnati ta nemi ta cinye su gaba ɗaya. Alƙalin farko ya ce a'a, ya ba da umarnin a ƙwace 15,000, da tarar 5,000, da sa ido na shekara uku. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1998, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce cinye dukkan kuɗin saboda rashin cike fom kawai tara ce da ta wuce kima, tsarin mulki kuma ya haramta hakan.

Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiri sabon laifi na fasa-ƙwaurin tsabar kuɗi: duk wanda ya ɓoye fiye da dala 10,000 a jikinsa ko a kayansa da niyyar kauce wa bayyanawa, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar, a kuma ƙwace kuɗin. Masu goyon bayan tsauraran matakan na cewa tsabar kuɗi ita ce hanyar da masu safarar ƙwaya suka fi bi. Masu suka na cewa talaka da baƙo ke shiga hannu, irin waɗanda suka taso a ƙasashen da gaya wa jami'i yawan kuɗin aljihunka gayyatar masifa ce. A ganina duka biyun na da gaskiya, amma ta biyun ce aka fi yin biris da ita.

Ya warke, me ya hana shi dawowa?

Yanzu ɗayan ɓangaren gardamar. Tun kakar 2005 zuwa 2006 NHL ke da iyakar albashi, wato jimillar da babu ƙungiyar da za ta wuce wajen biyan 'yan wasanta. Ta fara da dala miliyan 39. A kakar 2025 zuwa 2026 ta kai miliyan 95.5. Ba tara ake biya idan an wuce ba, ba a yarda a wuce ba ne sam.

Akwai ƙofa ɗaya. Ɗan wasan da rauninsa zai hana shi aƙalla wasa 10 da kwana 24 ana iya sa shi a jerin masu doguwar jinya, ƙungiyar kuma ta samu damar haura iyakar don ɗaukar wanda zai maye gurbinsa. Abin kamar motar haya ce mai ƙididdigaggun kujeru: fasinja ya sauka a hanya, direba ya ɗauki wani a kujerarsa, idan na farkon ya dawo ba zai shiga ba sai an sauke wani. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa yana atisaye lafiya lau, magoya baya na ta kiran a sa shi, ƙungiya kuma tana jan ƙafa. Dawo da mai albashin miliyan tara a tsakiyar kaka na nufin rabuwa da mutum biyu ko uku.

Abin da ya mayar da wannan lissafi rigima shi ne, shekara da shekaru iyakar albashin ba ta aiki a zagayen neman kofi, wato wasannin da ake yi bayan an kammala kaka don fitar da zakara, domin albashi a kan wasannin kaka ake biyansa. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Nikita Kucherov na Tampa Bay. An yi masa tiyata a ƙugu, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2021, albashinsa na miliyan 9.5 ya fita daga lissafi. Ranar da aka fara zagayen kofi sai ga shi a fili. Ya fi kowa maki a zagayen, 32, Tampa ta ɗauki Kofin Stanley karo na biyu a jere. Abokan hamayya suka yi lissafi suka ce ƙungiyar ta haura iyakar miliyan 81.5 da kusan miliyan 18. Hukumar gasar ta ce ba a karya doka ba. Kucherov kuwa, don ya ƙara musu haushi, ya fito wajen bikin murna da riga mai ɗauke da wannan adadi.

Evander Kane ma ya sake shiga irin wannan gardama, a wannan karon yana Edmonton. An yi masa tiyata a ciki a Satumban 2024, aka ƙara ta gwiwa a Janairun 2025, bai buga kakar ba ko kaɗan. Watanni ana jayayya: zai dawo kafin kaka ta ƙare, ko a kashe kuɗin gurbinsa na miliyan 5.125 a kan wani? Ya dawo a wasa na biyu na zagayen farko da Los Angeles a watan Afrilu, Edmonton ta kai wasan ƙarshe Florida ta doke ta, a watan Yuni kuma aka sayar da shi ga Vancouver, garin haihuwarsa.

Ba kowace doguwar jinya ce dabara ba, kuma a nan masu zargi kan yi wa mutane rashin adalci. Gabriel Landeskog, kyaftin ɗin Colorado, ya ɗaga kofi a Yunin 2022, bai sake buga wasan NHL ba sai Afrilun 2025 saboda gwiwarsa. Babu ƙungiyar da za ta ajiye kyaftin ɗinta kusan shekara uku don wayon lissafi. Amma dai ƙorafin ya yi yawa har aka ji. A yarjejeniyar da NHL da ƙungiyar 'yan wasa suka cimma a tsakiyar 2025, an amince cewa 'yan wasa 20 da za su sa riga a kowane wasan neman kofi dole jimillar albashinsu ta tsaya ƙarƙashin iyakar.

Lokacin da iyakar ƙasa ce ta tare hanya

Akwai inda maganganun biyu ke haɗuwa kai tsaye, wato inda abin da ya faru a wurin kwastan ya shafi dawowar ɗan wasa. Bob Probert na Detroit Red Wings ɗan garin Windsor ne, tsallaken kogi. A watan Maris na 1989 jami'an Amurka suka kama shi a ramin Detroit da Windsor da hodar ibilis kimanin giram 14. Ya yi wata uku a kurkuku, gasar ta dakatar da shi, ta mayar da shi a 1990. Sai dai ya dawo ne da ƙafa ɗaya: saboda shari'ar korarsa daga Amurka da ke gaban hukumar shige da fice, idan ya fita ƙasar ba lallai a bar shi ya sake shiga ba. Don haka duk wasan da ƙungiyarsa za ta yi a Kanada, ƙasarsa ta haihuwa, a gida ake barinsa, har zuwa ƙarshen 1992.

Laifinsa na ƙwaya ne, ba na kuɗi ba, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Amma ya nuna cewa a gasar da ke kan ƙasa biyu, ɗan wasan da ya ɓata sunansa a bakin iyaka ya rage wa kansa daraja a idon duk mai son ɗaukarsa. Kanada ma tana da nata tsaurin: tun Disamban 2018 tana ɗaukar tuƙi cikin maye a matsayin babban laifi da ke iya hana baƙo shiga ƙasar, ɗan wasa ne ko ɗan kallo.

Wa abin ya fi shafa?

Maganar gaskiya, tauraron da ke karɓar miliyoyi ba shi ne dokar bayyana kuɗi ta fi kamawa ba. Yana da wakili, yana da lauya, ƙungiyarsa na da ma'aikacin da aikinsa shi ne takardun tafiya, kuma jirgin shata suke hawa. Wanda ke shiga uku shi ne ɗan kallon da ya je Detroit ganin wasa ya biya gidan caca ya ci, ko wanda ya tafi sayen tsohuwar mota da kuɗi a hannu, ko ɗalibin da ya sauka Toronto da kuɗin makaranta da na haya a ƙunshe cikin jaka, jami'i ya tambaye shi, tsoro ya sa ya rage adadin.

Na ƙarshen nan ya shafi masu tashi daga wajenmu, domin wajibcin yana farawa tun daga gida. Dokar Najeriya ta 2022 kan hana halatta kuɗin haram ta ce duk mai shiga ko fita da tsabar kuɗi ko takardun da ke madadinsu da suka haura dalar Amurka 10,000 sai ya bayyana wa hukumar kwastan. Wanda aka samu da laifin ƙin yin haka zai iya rasa kuɗin da bai bayyana ba, ko ya sha ɗaurin aƙalla shekara biyu, ko a haɗa masa duka. Tarayyar Turai tana da nata mizanin na yuro 10,000, Birtaniya fam 10,000. Mai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Winnipeg da dalar Amurka 9,000 bai kai mizanin Najeriya ba, amma ya wuce na Kanada, kuma za a tambaye shi tun a na'urar da ke zauren isowa. Idan ya amsa da eh, jami'i zai ba shi fom, ya ƙirga kuɗin, mai yiwuwa ya nemi ganin takardar cire kuɗi daga banki ko rasit ɗin ɗan canji, sannan ya mayar masa da kuɗinsa cif.